Unguwarmu Tana Lalacewa Muna Kallo: Ta Ina Za Mu Fara?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan batu ɗaya ne, wato unguwar cikin birni da ta fara komawa baya. Kamar yadda muka saba a wannan fili, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne, shekarata 26 ina zaune a wata unguwa ta awon igiya a bayan birnin Kano. Lokacin da na tare, unguwa ce ta rufin asiri, kowa ya san kowa. Yanzu da zarar damina ta kankama ruwa yake shigo mana har zaure, domin lambatun da kowa ya haƙa a ƙofar gidansa ba ya haɗuwa da na maƙwabcinsa, wani ma ya ɗaga dakalinsa ya datse hanyar ruwan gaba ɗaya. Masu hali suna sayar da gidajensu suna komawa sababbin unguwanni. A layinmu kaɗai akwai kangaye huɗu, da rana juji ne, da dare kuma matattarar 'yan shaye-shaye. Sau biyu muna kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, sau biyu tana watsewa a kan kuɗi. Mun kai kuka wurin hukuma har mun gaji. Shin wannan ba aikin gwamnati ba ne? Ko ni ma in sayar in tashi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Tambayar ƙarshe ba ni da hurumin yanke maka hukunci a kanta, domin kai ka san halin iyalinka da abin da ke aljihunka. Sai dai ina roƙonka kada ka kira dillali tukuna, har sai ka ji labarin wata unguwa da halinta ya fi naku muni nesa ba kusa ba, wadda kuma mutanenta suka tsaya a kan irin tambayar da ka yi kafin su sami mafita.

Orangi unguwa ce a arewa maso yammacin birnin Karachi na ƙasar Pakistan, kuma tana cikin manyan unguwannin marasa galihu na nahiyar Asiya, mutanenta sun haura miliyan ɗaya tun da daɗewa. Asalinta bai bambanta da awon igiyarmu ba: masu yankan filaye ne suka rarraba ƙasa suka sayar wa talakawa ba tare da tsarin hukuma ba, kowa ya gina abin da ya sawwaƙa, ruwan wanka da na bayan gida kuma ya riƙa kwarara a tsakiyar layi. A shekarar 1980 wani masanin raya al'umma mai suna Dakta Akhtar Hameed Khan, wanda ya riga ya yi suna da aikin raya karkara da ya jagoranta a Comilla da ke Bangaladesh ta yau, ya kafa wani ɗan ƙaramin shiri a unguwar. Bai zo da kuɗin gina wa kowa komai ba. Watannin farko yawo ya yi ta yi a ƙafa daga layi zuwa layi yana sauraron mutane, har ya tabbatar cewa abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne ƙazantar ruwa, sannan ya tambayi kansa dalilin da ya sa mutanen da suka iya gina gidajensu da guminsu suka kasa gyara abin da ke ƙofar gidan.

Shingaye huɗu ya gano. Na farko yana cikin zuciya, wato yaƙinin da kowa yake da shi cewa magudanar ruwa aikin gwamnati ce, kuma wata rana za ta zo ta yi kyauta, musamman ganin cewa duk lokacin zaɓe sai an maimaita musu wannan alƙawari. Na biyu tsada, domin farashin da 'yan kwangila suke yankewa ya fi ƙarfin talaka. Na uku rashin sanin aikin, domin wanda ya haƙa rami ba tare da awon gangara ba, ruwa zai kwanta masa a ciki. Na huɗu rashin tsarin da zai haɗa maƙwabta su yi aiki tare ba tare da zargin juna ba. Ka sake karanta wasiƙarka, Malam, za ka ga dukkan huɗun suna ciki, har da tambayar da ka yi ta ko wannan ba aikin gwamnati ba ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a maganin da suka samo shi ne ƙanƙantarsa. Ba su kafa ƙungiya ta unguwa baki ɗaya ba, da layi suka fara, mai gida 20 zuwa 40, inda kowa ya san fuskar kowa, ya san wanda yake da hali da wanda ba shi da shi. Mutanen layi su ne suke zaɓar mutum ɗaya daga cikinsu ya zama mai kula da aikin. Ma'aikatan shirin su zo su auna layin, su zana taswira, su rubuta ƙiyasin bututu da siminti da ladan magini, su kuma ba da aron kayan aiki kamar ƙarafan da ake zuba kankare a ciki. Kuɗi kuwa ba sa taɓa shi ko kaɗan. Mai kula da layi ne yake karɓa daga maƙwabtansa, ya saya, ya biya, a kan idon waɗanda suka ba shi. Da aka cire ribar ɗan kwangila da na goro, aka sauƙaƙa zanen ramukan duba bututu, mutane kuma suka yi haƙa da hannunsu, sai farashin ya faɗi ƙasa da na hukuma ninki da dama. Layi ɗaya ya yi, na kusa da shi ya ga ƙofar gidajen maƙwabta ta bushe yara suna wasa a wurin da a da ba a iya takawa, sai shi ma ya aiko a zo a auna masa. A haka, cikin shekaru, fiye da kashi 90 cikin 100 na gidajen Orangi suka sami magudana ta ƙarƙashin ƙasa da kuɗin masu gidajen.

A nan nake ganin dalilin mutuwar ƙungiyarku sau biyu, kuma ba na zaton rashin amana ne kaɗai. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙungiyar da ta haɗa gida dubu tana buƙatar shugaba da sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi, tana karɓar kuɗin wata-wata daga mutumin da bai san inda za a kashe shi ba, kuma idan aka tara aka gyara kwalbati ɗaya a gabashin unguwa, na yamma zai ce an ci kuɗinsa ko da ba a ci ko kwabo ba. Daga nan sai ɗan siyasa ya hango taro ya shigo da buhun shinkafa, shugabanci ya zama abin takara. Kuɗin layi kuwa na aiki ɗaya ne sananne, mai farko da ƙarshe, wanda mai bayarwa zai leƙo ta ƙofarsa ya gani. Matanmu sun daɗe da sanin wannan a adashe, shi ya sa ba sa zubi da wadda ba su san gidanta ba.

Amma ba na so ka fahimce ni cewa an sauke wa gwamnati nauyinta. Mutanen Orangi sun raba aikin gida biyu, na ciki da na waje. Na ciki shi ne ban-ɗakin gida, da bututun layi, da ɗan magudanar da ke tattara ruwan layuka kaɗan, wannan nasu ne. Na waje shi ne babbar magudana da wurin tace ruwan ƙazanta, wannan na hukuma ne, kuma ba su daina bin ta bashinsa ba. Bambancin shi ne yanzu suna zuwa ofis da abin nunawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jami'in da aka kawo wa koke da baki yana iya cewa a dawo gobe, amma wanda aka shimfiɗa wa taswira a kan teburinsa aka ce ga layi 30 da muka gama da kuɗinmu, ga inda ruwansu yake taruwa, ga mita kaza da ta rage a haɗa shi da babbar magudana, aikinsa ya zama ƙarami kuma sananne, ƙin yin sa ma ya zama abin kunya.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce taswira, kuma a cikin damina za ku yi ta, ba da rani ba. Ka nemi samari uku ko huɗu daga cikin tsofaffin ɗalibanka, idan da wanda ya karanta aikin safiyo ko zanen gini a kwalejin fasaha to ya fi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi su fita da zarar ya tsagaita, su bi ruwan da ƙafa daga inda ya taso zuwa inda ya kwanta, su sa alamar gawayi ko fenti a jikin bango daidai inda ya kai. Su rubuta kowane gida: mai shi ne a ciki ko 'yan haya, ina rijiya take, ina masai yake, tazarar da ke tsakaninsu nawa ce, wane kango ne na wane. Kada su tsallake matan gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matar da take kwarfe ruwa daga tsakar gida da tsakar dare ta fi kowane injiniya sanin ta inda yake shigowa. Su tambayi 'yan ga-ruwa ma, su da suke tura kura a kowane lungu sun san inda ƙasa take gangara da inda take tudu. Wannan takarda ita ce tsarin unguwarku na farko, ko da a bayan kwalin kalanda aka zana ta.

Abu ɗaya ne ba zan ce ku kwaikwaya ido rufe ba. Su mutanen Orangi bututun ƙarƙashin ƙasa suka shimfiɗa domin ruwan bayan gida, kuma sun yi sa'ar ƙasarsu tana da gangara zuwa ƙoramu. Yawancin gidajenmu masai ne da ramin tsotse ruwa, matsalar da ka bayyana kuma ta ruwan sama ce da na wanke-wanke. Abin da ya dace da ku shi ne lambatu ɗaya mai gangara ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa, a maimakon guntaye ashirin da kowa ya haƙa da ra'ayinsa. Ku fara daga ƙasa inda ruwan zai fita ku hauro sama, domin idan kuka fara daga sama, kun kwashe ruwanku ne kun juye wa layin da ke ƙasanku, kun sayi rigima da kuɗinku. Shi kuma mai dakalin da ya datse hanya, kada a tunkare shi a gaban jama'a. Mai unguwa da limamin masallacinku su same shi a gida da taswirar a hannu, a nuna masa cewa za a bi ta ƙarƙashin dakalin a rufe da silab, ba rushe shi za a yi ba. Kafin a sa diga a ƙasa kuma a sanar da hukumar tsara birane ta jiha a rubuce, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.

Ya kamata in faɗa maka cewa taswira tana da masu jin haushinta. Perween Rahman, masaniyar zanen gine-gine da ta shugabanci sashen bincike da horarwa na shirin Orangi, ta shafe shekaru tana horar da matasa su auna unguwanninsu, tana rubuta filayen talakawa da ake ƙwacewa da wuraren da ake satar ruwan famfo ana sayarwa. An harbe ta a Karachi ranar 13 ga Maris, 2013, tana kan hanyar komawa gida. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, lambatun layi bai kai can ba. Na kawo shi ne domin idan aikinku ya girma har ya taɓo kududdufin da wani ya cike ya yanka fulotai, ku san cewa kun shiga wani mataki, kuma a nan ba a tura mutum ɗaya gaba, sai a tafi da dagaci da hakimi da takarda.

TAMBAYA: Ni bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, ina haya a ɗaki biyu a wata tsohuwar unguwa a Kaduna. Masu gidaje sun fara taro a kan gyaran unguwa, an ce kowane ɗaki zai kawo kuɗi, amma ba a gayyaci ɗan haya ko ɗaya ba. Tsorona shi ne mu ba da kuɗinmu unguwa ta gyaru, mai gida ya ƙara haya mu rasa wurin zama. Ina da hujjar ƙin bayarwa?

AMSA: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin abu ne da aka sha gani a manyan birane: unguwa ta gyaru, waɗanda suka sha wahalarta kuma haya ta kore su. Sai dai ƙin bayarwa ba zai hana ƙarin haya ba, zai dai ba su dalilin cewa ɗan haya baƙo ne. Abin da ya kamata ki nema shi ne kujera a wurin taron.

A birnin Boston na Amurka akwai wata unguwa da ake kira Dudley, a yankin Roxbury. Zuwa farkon shekarun 1980 bankuna sun daina ba mutanenta rance, wasu masu gidaje suna cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, har filayen da suka zama kango suka haura dubu ɗaya, motoci suna zuwa daga wasu unguwanni suna juye shara a cikinsu da dare. A 1984 aka fara kafa wata ƙungiya don ceto unguwar, amma da aka kira taron jama'a aka gabatar da tsarin shugabancinta, sai mazauna suka tashi suka tambayi mutum nawa ne daga cikin masu zama a kan teburin yake kwana a unguwar. Dole aka rushe tsarin aka sake shi, mazauna suka sami rinjayen kujeru, aka kuma ware wa kowane jinsi nasa kason daidai wa daida: baƙaƙen fatar Amurka, da 'yan asalin tsibiran Kef Bade, da 'yan asalin Latin Amurka, da Turawa. Aikinsu na farko shi ne hana zubar da shara da janye matattun motoci, abin da kowa zai gani da idonsa. A 1987 hukumar birnin ta karɓi tsarin da suka zana a matsayin tsarin unguwar, a 1988 kuma aka ba su ikon karɓe filayen da aka yi watsi da su a tsakiyar unguwar tare da biyan diyya, abin da ba a saba ba wa ƙungiyar mazauna ba.

Abin da ya shafi tambayarki shi ne yadda suka yi da filayen. Ba su sayar da su ba. Sun zuba su a wata amana ta al'umma, mai kama da abin da muka sani da wakafi: ƙasa ta amanar ce har abada, iyali su sayi ginin da ke kanta bisa yarjejeniyar shekara 99, kuma ranar da za su sayar akwai iyakar ribar da za su ɗora, domin gidan ya ci gaba da zama daidai ƙarfin mai ƙaramin hali. Gidaje fiye da 200 aka gina a kan wannan tsari, kuma lokacin da rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba dubban Amurkawa da muhallinsu, kaɗan ƙwarai ne daga cikin waɗannan gidaje abin ya shafa.

Ƙungiyar unguwa a Najeriya ba ta da ikon karɓe filin kowa, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha ne a hannun gwamna, shi ne kuma yake iya soke haƙƙin mallakar fili a birni saboda amfanin jama'a. Amma abin da ya rage a hannunku ba kaɗan ba ne. Ku haɗu ku 'yan haya, maza da mata, ku sami mai unguwa ku ce kuna son wakilai a kwamiti gwargwadon yawanku, tunda a tsofaffin unguwanni sau da yawa 'yan haya sun fi masu gida yawa. Ku nemi a bambanta kuɗi iri biyu: abin da zai dawwama a jikin gida ya ƙara masa daraja, kamar lambatu da kwalbati, mai gida ne zai ɗauka, ko kuma ɗan haya ya biya a cire masa daga kuɗin haya, abin da ake amfana da shi yau da gobe, kamar kwashe shara da ladan 'yan sintiri, kowa ya ba da nasa. Sannan ku nemi a rubuta, a gaban mai unguwa da shaidu, cewa ba za a ƙara haya saboda wannan aiki ba har zuwa wani wa'adi da za ku amince da shi. Mai gidan da ya ƙi sa hannu a kan wannan ya gaya miki abin da yake shiryawa, a nan kuma kina da hujjar riƙe kuɗinki.

TAMBAYA: Unguwarmu ba ta da takardun gwamnati, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Wasu dattawa suna cewa kada mu ja hankalin hukuma da maganar tsari, kada a zo a rushe mu. Gaskiya ne?

AMSA: Dattawan ba su yi ƙarya ba a kan cewa rusau yana faruwa. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta jihar Legas ta rushe unguwar Maroko bayan sanarwar kwana bakwai, mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni, kuma hujjar da aka kafa ita ce ambaliya da ƙazanta. Amma ka lura cewa ɓuya ba ta ceci kowa ba, domin unguwa ba allura ba ce, hukuma ta san da ku. Ƙazanta da cunkoso su ne dalilin da ake kawowa idan an tashi rushewa, rashin rubutaccen bayani kuma shi ne yake hana mutane diyya bayan an rushe.

Ku fara da tattara kwafin takardar cinikin kowane gida, da rasidin wuta ko na harajin da aka taɓa biya, da shekarar da aka tare, a ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin wani amintacce a wajen unguwar saboda gobara ko ruwa. Ku dubi taswirarku da idon gaskiya ku ware gidajen da suke kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, domin waɗannan babu tsarin da zai halatta su, gara ku fara tattauna makomar masu su tun yanzu. Ragowar kuma ku je ma'aikatar ƙasa ta jiharku a ƙungiyance ku tambayi sharuɗɗan daidaita takardun unguwa da kuɗin da ake biya, ku nemi a ba ku amsar a rubuce. Idan aka ce sai an faɗaɗa wani layi yadda motar kashe gobara za ta iya shiga, ku koma gida ku auna da kanku ku ga taku nawa kowane gida zai bayar, ku kawo wannan lissafi kafin a aiko da wanda zai shafa jan fenti.